Hoton Sheƙar Gauraka

Farkon bazara ne, ƙarfe shida da rabi na safe, a rumfar katako da aka gina bakin fadama domin masu kallon tsuntsaye. Wani saurayi ya shigo rungume da kyamara, ƙofa ta kufce masa ta bugu. Agwagin ruwa suka tashi gaba ɗaya.

"Sannu da aiki," in ji budurwar da ke zaune da madubin hangen nesa. "Awa guda ina ƙirga su."

"Yi haƙuri, Malama. Nawa kika kai?"

"Talatin da bakwai. Sauran sai ka bi su ka tambaya."

Malamar kimiyya ce a sakandare, mahaifinta ne ke kula da fadamar shekara ashirin da biyu. Shi kuwa mai hoton biki ne, tsuntsaye sha'awa ce ta ƙarshen mako. Ta laƙaba masa Sarkin Gaggawa. Kafin wata biyu saƙonninsu sun bar zancen tsuntsu.

"Malamata, gobe zan zo da shayi. Alkawari, ko tari ba zan yi ba."

"Ka dai zo da haƙuri, shayi muna da shi."

Ita ta nuna masa sheƙar gauraka, ƙwai biyu cikin doguwar ciyawa, wurin da daga ita sai mahaifinta suka sani. Washegari ya koma shi kaɗai. Ciyawa ta tare masa gani, sai ya sa almakashi ya rage ta, yadda ya saba gyara labule a bayan amarya. Aikin minti goma. Hoton ya fito a jarida, aka yi ta yabo.

Ranar da ya je gaishe da mahaifinta, ya kai masa hoton cikin firam. Dattijon ya sa tabarau. Bai dubi tsuntsuwar ba, gefen hoton ya duba.

"Wa ya yanke ciyawar nan?"

"Ni ne, Baba."

"Hankaki sun shanye ƙwan. Da na ɗauka ƙaddara ce kawai." Ya miƙa masa firam ɗin. "An ba ka amanar sheƙa ka yaye mata rufi. Yanzu kuma 'yata kake so in ba ka?"

Da yamma saƙonta ya shigo: "Ni na kai ka wurin da ƙafata. Abin da ya fi ci mini rai ke nan."

Daga nan ta daina amsa kiransa. Gwaggonta ta fara kawo zancen ɗanta mai kantin magani, wanda a cewarta ko kaza bai taɓa kora ba.

Mai hoton ya rubuta wa jaridar abin da ya aikata, aka buga da sunansa. Ranar Asabar ya zo fadama ba kyamara, ya roƙi aiki. Dattijon ya nuna masa magudanar da ta toshe, ya juya. Haka ya yi ta zuwa, yana yashe laka, yana canza ruɓaɓɓun katako. Daga rumfa tana hango shi, ba ta ɗaga masa hannu.

A wata na bakwai wayarsa ta yi ƙara.

"Takalminka na hagu ya huje tun makon jiya. Akwai na Baba a bayan ƙofar rumfa. Kada ka ce ni na gaya maka."

"Na gode, Malamata."

"Ban ce na huce ba."

Da bazara ta zagayo gauraki suka zo, suka yi kwana uku, suka wuce ba su yi sheƙa ba. Shi da ita suka gani tare daga rumfa.

Bayan wata guda aka ɗaura aure, taro kaɗan. Gwaggo ta zo, ta yi guɗa sau ɗaya. Da ango ya durƙusa gaban surukinsa, dattijon ya daɗe yana kallonsa kafin ya dafa kafaɗarsa.

"Nawa na yafe tuntuni. Na tsuntsu ba ni da ikon yafewa. Ka riƙe min ita da kyau. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

"Amin, Baba," in ji shi, kansa a ƙasa.