Gwiwar Da Ba Ta Sallah

Ranar da Juwita ta fara shiga ɗakin binciken Hazwan, ko sallamarta bai amsa da kyau ba. A ganinsa mai gashin ƙashi irinta ba ta kai ta tsaya kusa da kwamfutarsa ba. An turo ta ne ta ga abin da duk asibitin ake yayatawa, wai wani injiniya ya gina gwiwar mutum a cikin na'ura, ana gwada tiyata a kanta kafin a taɓa majiyyaci.

Ya danna wani wuri yana hura hanci. Gwiwa ta bayyana a allo, ƙashi da guringuntsi da jijiyoyi, ta yi tafiya, ta hau bene, ta zauna a kujera, ta tashi.

"Shekara uku na yi a kanta," ya ce. "Ba kowa ke ganewa ba."

Juwita ta yi masa kallon hadarin kaji.

"To ita wannan gwiwar taka ba ta sallah ne?"

"Me kika ce?"

"Na ga ta zauna a kujera kamar matar gwamna. A Kota Bharu muke, malam, garin masallata. Sa ta yi zaman tahiya in gani."

Bai iya ba. Ma'aunan da ya gina ta da su daga ƙasar waje ya samo, daga mutanen da ƙasa da kujera ba sa sauka sai sun yar da mukulli. Shekara uku yana sallah sau biyar a kan gwiwarsa, bai taɓa tunanin ya tambaye ta ba. Girman kai rawanin tsiya, kuma ranar Hazwan ya ji nauyinsa.

Da yamma saƙonsa ya shigo mata: "Kin ci mutuncina, kuma kina da gaskiya. Ki kawo mini tsofaffinki in auna."

Ta amsa: "Ka fara koyon amsa sallama."

Haka aka fara. Ta riƙa kawo masa dattawan da take gasa wa ƙafa, ya manna musu 'yan ƙwallaye masu ƙyalli a cinya da ƙwauri, su yi zaman tahiya a kan sallaya kyamarori na ɗauka. Tsofaffin suna yi suna tsaki. Wani ya ce tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa yi masa ado irin na motar amarya ba. Kafin a kai mutum na arba'in Juwita ta daina ce masa malam, ta koma Abang, wato yaya a yarensu, shi kuma yana kiranta Sarauniyar Raini. Ta kan zo masa da nasi dagang, shinkafa da miyar kifi, a ganyen ayaba, ta tsaya a kansa sai ya cinye.

"Abang, idan ka mutu da yunwa wa zai auri kwamfuta?"

"Ni ke nake so in aura, Sarauniya."

Ta kawar da kai, amma murmushin ya ƙi ɓoyuwa. Son shi take yi sosai, kuma haushin kanta take ji da ya zama ba ta iya musu.

Matsalar tana gida. Mahaifinta, Haji Deraman, maƙerin jiragen ruwa ne da ya yi shekara arba'in a durƙushe kan katako, har gwiwarsa ta hagu ta cinye. Tun da aka ajiye masa kujerar roba a ƙarshen sahu ya daina zuwa masallaci. Ya ce shi da ya saba tsayawa bayan liman ba zai koma layin masu sanduna ba. Mutum ne da ya raina kowa tun daga mai sayar da kifi har likita, likita ɗaya kawai ya tsira, Dakta Fakhrul, likitan ƙashi mai doguwar mota da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Shi ma neman Juwita yake yi, ko in ce neman wadda za ta riƙe masa kwat.

Da Hazwan ya je gaisuwa, Haji ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai ne likitan?"

"Ba likita ba ne ni, Pak Cik," ya ce, wato baffa a yarensu. "Lissafin yadda za a yi tiyatar nake yi."

"Ka taɓa yanka mutum?"

"A'a."

"Ka taɓa yanka kaza?"

Hazwan ya girgiza kai.

"Wita, wannan ai mai zanen hoto ne kika kawo mini."

"Abah!" Juwita ta ce wa mahaifinta.

"Fakhrul ya ce zai cire gwiwar gaba ɗaya ya sa ta ƙarfe. Namiji ke nan, mai wuƙa."

Hazwan ya sunkuyar da kai ya ce, "Pak Cik, ka tambaye shi ko bayan nan za ka zauna a ƙasa."

Haji ya tambaya. Fakhrul ya yi dariya yana kaɗa mukullin mota, ya ce wane zamani muke, ko a Makka akwai kujeru, Haji ya rungumi tasa har ƙarshen rayuwa. Bai san abin da ya taka ba. A al'adar garin, ranar ɗaurin aure uba ne ke zama a ƙasan masallaci gwiwa da gwiwa da ango, ya riƙe hannunsa ya ba shi 'yarsa. Haji ya dawo gida yana huci, ya rantse ba zai ba da 'yarsa daga kan kujera ba, kuma ba zai wakilta liman ba yana raye. Ya aika wa Hazwan da saƙo ta bakin Juwita, cike da izgili: ranar da kwamfutarsa ta zaunar da shi a ƙasa, ya zo ya ɗauki matarsa. Kafin nan babu aure, ga shi ko ga waninsa.

Hazwan ya karɓi hotunan ƙashin ya gina gwiwar tsohon a na'ura. Ana cikin haka Fakhrul ya tare Juwita a baranda.

"Kin leƙa allon saurayinki? Mahaifinki shi ne lamba arba'in da ɗaya. Gwiwa yake nema ya cika takardar bincikensa, ke ce hanyar."

Ta leƙa, ta ga lambar ɓaro-ɓaro. Ta fita, sai saƙo: "Ashe mu lambobi ne. Ka gaishe da takardarka."

Ya amsa: "Kowa lamba nake ba shi don kada a san sirrin jikinsa. Ba zai shiga takarda ba. Wallahi ko ba za a ba ni ke ba, ina so in ga Pak Cik a sahun gaba."

Kwana biyu ta share shi. A na uku ta tuna cewa ita da kanta ta koya masa ɓoye sunayen, kunya ta kama ta, ta rubuta: "Ka ci abinci, Abang?"

Abin da lissafin ya nuna shi ne ɓangaren ciki kawai ya cinye, ɗaya gefen da jijiyoyin lafiya lau. Idan aka sauya rabin, aka ɗora ƙarfen a wata kusurwa da ya gwada sau ɗari, gwiwar tana iya naɗewa har ƙasa. Ya kai wa Dakta Chong, tsohuwar likitar da ta koyar da Fakhrul riƙe wuƙa. Ta yi mako tana dubawa, ta gyara masa wuri biyu, sannan ta ce za ta yi.

"Ka tabbata?" Haji ya tambaye shi.

"Ban tabbata ba, Pak Cik. Ina sa rai ne. Rabin aikin ma yana hannun Wita."

Haji ya yi tsaki. "Mai zanen hoto ko ƙarya bai iya ba." Amma ya sa hannu.

Bayan tiyatar, wata biyar Juwita ta yi tana lanƙwasa ƙafar mahaifinta. Ya zage ta, ya zagi Hazwan da danginsa, ya ce gara a ba shi kujerar. Ita kuwa 'yarsa ce, raini a jininta yake.

"Abah, Tok Minah mai shekara tamanin ta fi ka juriya. Naɗe."

A wata na biyar ya iya zama na ɗan lokaci a kan katifa, yana dafe da bango. Bai jira ya ƙara ƙwari ba ya sa rana, don taurin kai.

Ranar Juma'a da hantsi masallacin unguwa ya cika. Rabin mutanen ba ɗaurin aure ya kawo su ba, sun zo ganin yadda mai raina jama'a zai faɗi. Wani mai neman suna har ya jawo kujerar robar ya ajiye kusa da liman. Haji ya dube ta, ya dubi mai ita.

"Kai wa babanka."

Ya dafa kafaɗar liman ya fara sauka. Kowa ya zuba masa ido. Juwita tana bayan labule cikin mata, ta damƙe hannun innarta har sai da innar ta yi ƙara. Gwiwar dama ta taɓa kafet, ta hagu ta biyo a hankali tana rawa, sai ga Haji Deraman zaune daram. Gumi ya jiƙa masa hula, amma fuskar nan kamar bai yi komai ba.

Ya kama hannun Hazwan ya faɗi kalmomin bayarwa, ya girgiza hannun. A al'ada ango zai amsa nan take, da numfashi ɗaya, ba yankewa. Shi kuwa ango idonsa na kan gwiwar surukinsa, yana auna kusurwarta a zuci, yana tsoron kowace daƙiƙa. Ya fara, ya sarƙe a tsakiya.

Shaidu suka girgiza kai. Aka sake, ya sake sarƙewa. Dariya ta fara tashi daga sahun baya.

"Pak Cik," ya raɗa, "ƙafar... kada ka daɗe a haka."

Haji ya ɗaga murya yadda har mata za su ji.

"Kai, mai zanen hoto, bar kallon gwiwata, ba ita za ka aura ba! Sake. Ni ba sauri nake ba, ina nan zaune har la'asar."

Masallaci ya kwashe da dariya. Hazwan ya ɗago ya dubi idon tsohon, sai ya ga hawaye kwance a ciki. Ya ja numfashi ya amsa tiryan-tiryan, shaidu suka ce ya yi.

Liman ya yi addu'a, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, jama'a suka shafa. Haji bai saki hannun ba.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," ya ce ƙasa-ƙasa. "Yanzu ɗaga ni a hankali, kada 'yan banzan nan su gane."

Wayar Hazwan ta yi motsi a aljihu. Daga bayan labule ne: "Sau uku, Abang? Zan yi maka gorin nan har jikokinmu."