Masani da Ƙullin Kanwa

A can wani zamani, itacen girki ya ƙare a wani gari. Sai wani masani ya tsoma wayoyin lantarki biyu a tulu, don ya fitar da iskar girki daga ruwa. Kumfa na tasowa ɗai-ɗai. Ya ƙara lantarki, ɗai-ɗai dai.

Wata tsohuwa mai dafa wake ta leƙo, ta ce, "Ɗan nan, ni in wake ya ƙi nuna, kanwa nake jefa masa."

Dariya ta zo masa, ya haɗiye. Ya ce, "Iya, sam mini."

Ta miƙa masa ƙullin kanwa, ya zuba a tulun. Kanwa na narkewa, sai kumfa ta yi ta ɓulɓulowa, kamar taurari na tashi daga gindin tulu.

Tukunyar farko da ta hau sabuwar wutar da aka kunna da iskar, waken Iya ne a ciki.