Cinikin Da Aka Tafa Tun Dawa Na Kore

Balkisu na tankaɗe a tsakar gidanta a Garwa, sai yayanta Hayatu ya banko ƙyaure, ko sallama babu.

"Ina sakaran mijin naki?"

Halliru ya fito daga rumbu. Shekarar fari ce, kowace Lahadi buhun dawa sai ya ƙara kuɗi a kasuwar Pitowa, har ya ninka uku. Shi kuwa Halliru tun dawarsa na kore ya tafa hannu da Zacharie, wani Kirista mai sayo wa mutanensu na kan dutse hatsi: buhu talatin a kuɗin bara. Haka suke yi duk shekara, ta hau ko ta faɗi.

"Baba ya ce ka warware cinikin nan, mu kulle dawar a sitona sai ta ƙara tashi," in ji Hayatu. "In ka ƙi, ba ni takardar ƙanwata!"

Halliru ya ce, "Hamma, yayana, shekarar da dawa ta faɗi warwas Zacharie bai rage mini ko dala ba. Da wane ido zan dube shi?"

Tas! Hayatu ya ɗauke shi da mari, ya suri taɓarya ya yi kansa. Balkisu ta yi kukan kura ta shiga tsakani, taɓaryar ta sauka a damtsenta, ƙashi ya ce ƙas!

"Wayyo Allah, hannuna!"

Marar imanin nan bai ko girgiza ba. Ya ja ta a ƙasa har waje, ya kai ta gidan ubansu.

Washegari Halliru ya loda wa Zacharie buhunansa cif a kamiyo, babbar motar kaya, fuska a kumbure, yana share hawaye. Balkisu ta yi wata biyu a gida da ɗauri a hannu, kullum uban na matsa mata ta nemi saki.

"Baba, ka yi haƙuri. Ko ɗaya hannun za a karya, ni matar Halliru ce."

Yunwa ta yi tsanani, Hayatu na nan da sitonsa a kulle, wai bai ji kuɗin da yake so ba. Wata Lahadi da hantsi jama'a suka gaji, suka fasa ƙofar da gatari. Suka rufe Hayatu da jifa da sanduna, jini ya wanke masa fuska. Halliru ya keta taron ya kife a kansa, sanduna na sauka a gadon bayansa.

Sai ga Zacharie da mutanensa sun yi musu zobe, Zacharie ya ɗaga murya.

"Surukin Halliru ne! Dawar Halliru ce ta riƙe 'ya'yanmu! Mai son kashe mutum biyun nan ya fara da mu!"

Taron ya ja baya. An kai Hayatu lopital, wato asibiti, da ransa, amma idonsa na hagu ya tafi, dawar ma an kwashe ta ƙarƙaf.

Bayan kwana uku tsohon ya riƙo hannun Balkisu da kansa har ƙofar Halliru.

"Ga matarka, ɗana. Ni na zalunce ku, ku yafe mini."

Halliru ya durƙusa a gabansa. Balkisu ta fashe da kuka, na daɗi wannan karon.

To yara, kun dai gani. Kuɗin hatsi hawa yake ya sauka kowane mako, amma maganar da mutum ya bayar ba a sake mata kuɗi. Halliru ya riƙe tasa, Balkisu ta yi haƙuri, shi ya sa aka samu mai tare wa Hayatu sanda ranar da kowa ke neman ransa.