Sunan da Wiebe Ya Ƙi Saki

"Ƙarya kake yi, Wiebe. Kai da ka yi arziki da mantuwar mutane, kai ne za ka dube ni ka ce ka manta?"

"Yaya Renske, ki rage murya. A gidan mutane muke."

"Gidan Gwaggo Geeske ne. Ko raɗa na yi, kafin la'asar duk gari ya ji."

Ban ji haushi ba, don gaskiya ta faɗa. A ɗakin girkina suke, da hantsi. Renske tana tsaye ko rigar ruwanta ba ta cire ba. Ƙanenta Wiebe Algra yana zaune, kai a sunkuye kamar kazar da ruwa ya yi wa duka. 'Yarsa Hilke, budurwa 'yar shekara sha bakwai, tana bakin taga da biskit a hannu, ba ta ci ba, ba ta ajiye ba. Na zuba wa kowa kofi, don ni ba a faɗa a gidana da busasshen maƙogwaro. Bari in bar su haka in koma da ku baya, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya sa ƙato ke ɓoye fuska a gaban tsohuwa ba.

Karatuna bai yi nisa ba, amma na gane sana'ar Wiebe. Kowane shago da kowane kamfani yana da sunan da ake bugawa a intanet a iske shi. Sunan nan ba a mallakarsa, haya ake yi shekara-shekara, da kuɗin da bai kai na cuku kilo ɗaya ba. Ranar da mai shi ya manta bai sabunta ba, sai sunan ya faɗi, wanda ya riga kowa ya tsince. Wiebe mai tsintuwa ne. Wani lokacin kuma ya ɗauki sunan babban kamfani ya liƙa masa wutsiya, ya ƙara "araha" ko "gyara" a baya, ya kama, ya zauna jiran su zo su fanshi abinsu. Kai dai yana da shi. Sai ya juya suna a baki kamar mai ɗanɗana miya, ya ce wannan zai sayi mota, wancan ko taya ba zai saya ba.

Abin da ba shi da shi sa'a. Sunan da kamfani ya yi wa rajista yana da masu tsaro. Da ya kama, sai lauyoyi su kai ƙara cewa da mugun nufi ya kama, a ƙwace, ya tashi a tutar babu. Matarsa Femke ce ke ciyar da gida da aikin jinya. A wani bikin zagayowar haihuwa, muna zaune a da'ira kowa da yankan kek ɗinsa, surukinsa ya ɗaga murya ya ce, "Wiebe, yau kuma sunan wa ka sato aka kama ka?" Aka yi dariya. Na ga kunnuwansa sun yi ja. A makon nan ya hau keke ya nufi fadama.

Fasto ya ce babu boka a ƙasar nan tun zamanin kakanninmu. To, manyan motocin da ke laɓewa bayan itatuwa kusa da bukkar Tsoho Harm a can fadamar, ba kifi suke zuwa saye ba. Abin da ya faru a can daga bakin Wiebe na ji shi, bayan duniya ta juya masa baya ya rasa mai saurarensa sai ni.

Da rana tsaka ya isa, amma cikin ɗakin bandar kifin duhu ne kamar kabari. Hayaƙi ya mayar da rufin baƙi ƙirin. Bango huɗu kuwa, daga ƙasa har sama, allunan ƙofa ne, irin waɗanda muke kafawa a bakin gida da sunayen mazauna: na tagulla, na dutse, na katako mai zanen furanni. Wasu da sunaye a cike. Wasu an shafe rabi. Wasu sumul, kamar ba a taɓa rubuta komai ba. A tsakiya akwai wani baho na baƙin ruwan fadama, a cikinsa kifin nan mai kama da maciji, guda ɗaya tak, kaurinsa kamar cinyar namiji, idanunsa farare. A saman bahon an rataye bakin shamuwa da igiya.

"Me ke tafe da kai?" in ji Harm, bai ko juyo ba.

"Mantuwa nake so, Baba. Masu suna su manta ranar sabuntawa. Lauyoyi su manta ƙara. Wanda ya tuna kuma ya zo da kuɗi a hannu, kar ya zo da takarda."

"Mantuwa dabba ce, ɗan nan. In ka aike ta, tana dawowa da yunwa."

"Nawa ne?"

"Ku kullum nawa ne. Ba na sayarwa, haya nake bayarwa, irin taku. Shekara guda, daga zuwan shamuwa zuwa dawowarta. Ta farko kyauta ce. Ka zo da abin?"

Ya zo da shi, don an gaya masa. Allon ƙofarsu ne na dutse, wanda Femke ta zana wa furanni da hannunta: Wiebe, Femke, ɗansu Jelte, Hilke, sannan can ƙasa Antsje, tsohuwarsa, da aka ƙara lokacin da ta dawo wurinsu. Harm ya tsoma allon cikin bahon. Kifin ya taso a hankali ya bi sunayen da baki ɗaya bayan ɗaya, kamar makaho yana shafa fuska. Sannan tsohon ya rataye allon a ƙusa, ruwa yana ɗiga.

"In shamuwa ta dawo ka zo," in ji shi. "In faɗa maka kuɗin shekara ta biyu. Ka ga dama mu sabunta, ba ka ga dama ba ka ɗauki allonka ka tafi lafiya."

Ku ji da kyau, ƙofar fita a buɗe aka bar masa. Shi ya rufe ta da hannunsa. Mutumin da ya ga yadda manyan kamfanoni ke faɗuwa saboda mantuwar rana ɗaya, tsoro ɗaya gare shi a duniya.

"A'a, Baba. Na san yadda ake asara. Kar wata rana in shagala wani ya tsince wurina. Ka sa abin ya riƙa sabunta kansa, yadda nake yi wa sunayena. In lokaci ya yi ka ciri naka, ba sai ka tambaye ni ba."

"Ba ka ji abin da zan cira ba."

"Ko mene ne, lokacin ina da shi."

Sai a nan Harm ya juyo ya dube shi. "Lallai kana da shi. Na tsufa a aikin nan, ba wanda ya taɓa roƙona wannan da bakinsa."

Arziki ya zo kamar an fasa dam. Sunaye suka riƙa faɗowa Wiebe a cinya, lauyoyi suka yi shiru, kamfanoni suka riƙa biya suna godiya. Ya sayi gidan tsohon likita, wanda ke kallon tagata, abu na farko da ya yi kuma shi ne sa labule mai kauri. A titin nan! Mu da ake ganin abin da kowa ke ci daga waje. Da kwaɗayi ya yi yawa har na gida bai bari ba. Ya tsinci sunan gidan burodin Bouwina, wadda ta manta sabuntawa a watan da ta binne mijinta, ya sa duk mai neman burodi ya faɗa shafin hotunan tsiraici, har sai da ta sayar da motar rabon burodi ta fanshi sunan shagon da ta gada wurin ubanta. Gari ya yi tsaki. Gari kuma ya je ya ci kek a sabon gida.

Shamuwa ta dawo kan sandar da take sheƙa a bayan coci. A makon nan Antsje ta tsaya a shagon cuku ta tambayi mai shago ko ya san wace ce ita. Aka ce tsufa ne. Ba a jima ba ta sa hular zuwa coci, ta taka cikin magudanar ruwa da rana kata, kamar mai sauka matakala, gawarta aka ciro. Aka ce tsufa ne.

Jelte ba tsoho ba ne. Da shamuwa ta sake zuwa, yaron ya daina amsa kira. Wata safiya ya tsaya da kekensa a kan layin dogo, abokansa suna ta ƙwala masa sunansa, yana waige-waige yana neman wanda ake kira, har jirgi ya iso. A wurin jana'iza Wiebe ya tashi zai yi magana, ya buɗe baki, sunan ɗan da ya haifa ya ƙi fitowa. Ya ce "yaron nan", ya sake cewa "yaron nan", ya zauna. Na sa ido, kun san ni. Ba kuka ne ya shaƙe shi ba.

Duk da haka bai koma fadama ba. Ya ce mini kunya ce ta hana shi, wai komawa daidai take da yarda cewa shi ya yi. Sai da Femke ta fara gaida matar da ke cikin madubi tana ba ta haƙuri don ta shigo mata gida, aka ɗauke ta zuwa gidan masu taɓin hankali, sannan ya hau mota. Ya iske allonsa a ƙusa, wuri uku sumul. Saura Wiebe da Hilke.

"Ka ɗauki nawa," ya ce wa Harm, a durƙushe.

"Mai biya ba a taɓa shi. In an taɓa shi wa zai biya?"

"To ka tsayar da abin."

"Ba ni na ɗaura ba. Hanya ɗaya ce. Duk sunan da ke hannunka wanda ba naka ba, ka sake shi kafin shamuwa ta dawo. Kyauta, kuma da ƙafarka, ka ce wa mai shi ga abinka na ɗauka. Ko ɗaya ya rage, haya tana nan."

Ya yi, ba zan yi masa ƙarya ba. Duk lokacin sanyi yana yawo ƙofa ƙofa da hula a hannu. Wasu suka kore shi, wasu suka kira abokan aiki su zo kallo. Bouwina, da ya je neman gafararta, ta saurare shi har ƙarshe, ta ce, "Burodi za ka saya ko ka gama?" Kamfanonin da suka farka suka kai ƙara, gidan likita ya tafi, mota ta tafi. Renske ta ɗauki Hilke ta riƙe. Muka ce to, ya sha wuya amma ya ceci 'yarsa.

Shekaranjiya shamuwa ta sauka. Jiya Hilke ta tambayi Renske wa ke da ɗakin da take kwana. Yau da safe Renske ta kwashe kayan Femke za ta kai mata, ta ga saƙo a tsohuwar wayar Femke. Akwai suna ɗaya da aka ajiye da sunan Femke, na wani babban kamfanin kekuna, kuma ya sabunta kansa. Shi ya sa ta jawo su biyun zuwa ɗakin girkina, wai tana son mai shaida.

"Da sunan matarka mahaukaciya ka ɓoye shi," in ji Renske. "Ka zaci abin da ke cikin bahon nan yana duba takarda?"

"Don Hilke na ajiye." Wiebe bai ɗago kai ba. "Karatunta, Yaya. Na ce guda ɗaya ne, masu shi sun kusa biya, kwana kaɗan ya rage. Wannan ɗin ya fi duk sauran a haɗe."

"Ɗazu ka ce mantawa ka yi."

Kunnuwan nan suka yi ja, kamar ranar bikin.

Na ce, "Wiebe, ɗan nan, na goya ka a bayan kekena, don haka ka ji. Abin da ba naka ba, ko sunan shago ne, ba ya zama naka don mai shi ya yi gyangyaɗi. Kwaɗayi kuma ba ya cewa a ba shi duka, guda ɗaya yake cewa a bar masa. Ka saki ɗari ka riƙe ɗaya, to ba ka saki komai ba." Ku ma da kuke karantawa, da ku nake. Duk wanda ya ce muku shekarar farko kyauta ce, ku tambayi ta biyu kafin ku miƙa allon ƙofarku.

Ya rufe fuska yana kuka, kafaɗunsa suna rawa. Har na fara tausaya masa. Sai wayarsa ta yi ƙara a kan tebur, kusa da gwangwanin sukari. Masu keken ne suka aiko da tayinsu. Na ga yatsunsa sun buɗe kaɗan, ido ɗaya ya leƙa ta tsakaninsu ya karanta adadin. Renske ma ta gani.

Ta je bakin taga ta cire biskit ɗin daga hannun yarinyar, ta sa mata riga kamar 'yar goye. Yarinyar ta bi ta ba musu, don yanzu kowa za ta bi.

Wiebe ya miƙe har kujera ta faɗi. "Ki tsaya. Ke... ke..." Leɓɓansa suna motsi, ba abin da ya fito.

"Kira ta mana," in ji Renske daga bakin ƙofa. "Kai ne gwanin sunaye. In ka tuna, ka gaya wa Gwaggo nawa zai yi a kasuwa."

Ta tura yarinyar gaba, ta ja ƙofar da ƙarfi, har kofunan da ke rataye suka kaɗa.