Sa Hannun Muslima

"Karanta min wannan, Muslima."

Na miƙa mata takardar tun kafin ta gama shimfiɗa tabarma a soron gidansu. Bayan la'asar ne, ana jiyo karatun 'yan Islamiyyar mahaifinta daga can cikin gida.

"Haba Yaya Garzali, ko gaisawa ba za mu yi ba?"

"Za mu gaisa. Karanta min tukuna. Kin san ni da Turanci sai a hankali."

Ta karɓa, amma ba ta buɗe ba. Ta ɗora ta a cinya, ta danne da tafin hannu kamar mai tsoron kada iska ta kwashe ta.

"Ba sai kin buɗe ba ko?" na ce. "Kin riga kin san abin da ke ciki."

"Yayana..."

"Abu biyu kawai na iya ganewa. Sunan Baba a sama, da sa hannunki a ƙasa."

Ai ko cikin dubu zan gane shi. Harafin farko kamar tudu biyu, da 'yar jela da take lanƙwasowa ta ƙasa. A gabana ta koye shi, a wannan soron, a bayan tsofaffin takardun da nake kwaso mata daga wurin aiki. Har tambayata take yi, "Wanne ya fi kama da na manyan mata?" Ni na zaɓa mata mai jelar.

Ni dai ban yi nisa a boko ba, a aji uku na sakandare na tsaya. Dako nake yi a wani kamfanin matse man gyaɗa da ke bakin hanyar shiga Gaya. Kullum da sassafe nake ɗauko mahaifina, Malam Gwadabe, a babur daga Toranke. Shi ɗinkin bakin buhu yake yi a can, shekara ashirin da biyu, tun kamfanin yana rumfar kwano.

Muslima kuwa mai ƙwaƙwalwa ce. Bayan difloma ta ce ita aikin kula da ma'aikata take so, wanda suke cewa HR. Ɗaukar ma'aikata, sauraron kokensu, hutu, rashin lafiya, duk a hannun ofishin yake. Ta yi kwas na wata shida a waya. Idan sabis ya ƙi a unguwarsu, sai ta fito bakin titi da ƙanwarta, ni kuma in tsaya in riƙe mata lema har malamin ya gama magana. Ba na gane abin da yake cewa, amma ina jin daɗin yadda take gyaɗa kai.

Ranar da satifiket ya fito, ni ta fara kira.

"Na ci, Yayana! Wallahi na ci!"

Sai dai duk inda ta kai takarda, magana ɗaya ce: sai mai gogewar shekara biyu. Har Kano ta je intabiyu sau uku, tana dawowa da kumburarrun idanu.

"To a ina zan samu gogewar, idan ba wanda zai ɗauke ni in fara?"

Ni na je na durƙusa a ofishin manajanmu, Alhaji Tukur, da hulata a hannu. Na ce masa yarinyar da zan aura ce, ya taimaka ya gwada ta. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wata uku zan ba ta. A ƙarshe ta rubuto min abin da ban sani ba game da ma'aikatana. Idan ta kawo, kujera tata ce. Idan ba ta kawo ba, kada ka sake zuwar min."

Da gudu na kai mata labarin. Da gudu!

Akwai abin da ni da Baba kaɗai muka sani a duniya. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe wa Baba gani. Fuskar mutum ba ya gani sai inuwa. Ko Inna Hansai, mahaifiyata, ba ta san ya kai haka ba. Na yi, na yi mu je asibiti, ya ce ranar da ya nemi hutu don ido, ranar kowa zai sani. Ya kama hannuna a kan hanya ya ce, "Garzali, kada ka bari a kira ni makaho ina da sauran ƙarfi. Kada ka bari a zaunar da ni a ƙofar gida."

Sai na samo dabara. Muna isa kafin kowa, in zura igiya a basilla goma sha biyu, in jera su a jikin wani tsohon buhu daidai inda hannunsa na dama zai kai. Ya gama da ɗaya ya lalubo ta gaba. Hannunsa ya san ɗinki, ba ya neman ido. Idan an fita cin abinci, ni sai in zagaya in sake zura su, in duba buhunan da ya tsallake baki in gyara.

Wata ranar Juma'a, a kan wannan tabarmar, Muslima ta dube ni.

"Kana ramewa. Ban taɓa ganinka a wurin mai abinci da rana ba. Me kake ɓoye min?"

"Babu komai."

"Ni ce fa. Wadda za ta zama matarka. Idan ba ka faɗa min ba, wa za ka faɗa wa?"

Na faɗa mata. Duka. Har basillar, har maganar da Baba ya yi min a kan hanya. Ta yi kuka ranar, ta ce, "Allah Ya saka maka da Aljanna, Yayana." Ni kuma na koma gida sakayau, kamar an sauke min buhu daga ka.

Sati uku ke nan da yin wannan maganar.

"Karanta min," na sake cewa. "Baba yana gida yana jira in faɗa masa abin da aka rubuta. Da masinja ya ba shi, ce min ya yi wataƙila takardar yabo ce."

Hawaye ya zubo mata.

"An... an sallame shi daga aiki. Saboda lafiyar idonsa."

"Wa ya faɗa musu?"

Ta kau da kai.

"Muslima, wa ya faɗa musu?"

"Ba haka na rubuta ba! Wallahi tallahi ba haka na rubuta ba! Cewa na yi a canza masa aiki mara haɗari, a kai shi asibitin ido. Ka san inda yake zama, taku nawa ne tsakaninsa da bel ɗin inji? Idan wata rana ya miƙe ya yi hagu maimakon dama fa? An koya mana, idan ka san haɗari ka yi shiru, kai ma da laifinka!"

"Gaskiya ne."

"To ka gani!"

"Me ya sa ba ki faɗa min ba kafin ki rubuta?"

Ta sunkuyar da kai.

"Da ka hana ni."

"Da na hana ki," na ce. "Ko kuma da mun je wurin Baba tare, mun lallashe shi, ya faɗa da bakinsa. Ya fita da mutuncinsa."

"Kwana biyu suka rage min, Yaya Garzali. Na duba rajista, na duba komai, ban samu abin da Alhaji bai sani ba. Na ce idan na rasa wannan, shi ke nan, ba wanda zai sake gwada ni. Na ɗauka zai bi shawarata... Da ya ce in buga takardar sallama na roƙe shi. Ya ce aikin ke nan, idan ba zan iya ba in faɗa masa tun yanzu."

"Sai kika iya."

"Yayana, don Allah..."

"An ba ki kujerar?"

Ta amsa da murya can ƙasa.

"Jiya."

"Allah Ya sanya alheri."

Da zuciya ɗaya na faɗa, amma sai ta fashe da kuka kamar na mare ta. Na zare takardar daga ƙarƙashin hannunta, na ninke, na sa a aljihu. Ban yi faɗa ba. Ni ban iya faɗa ba. Na tayar da babur, sai da na wuce Ajingi na lura ashe ban sa takalmi ɗaya ba.

Na tarar da Baba a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya juyo tun daga ƙarar babur.

"Me suka ce?"

Na durƙusa. Na faɗa masa abin da ke ciki. Sannan na faɗa masa wanda ya fi nauyi.

"Baba, ni na fitar da maganar. Ni na faɗa wa Muslima. Ka yafe min."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da basillarsa ta asali, wadda ya fara aiki da ita, yana murza ta da yatsa.

"Inna ta sani?" ya tambaya.

"Tukuna."

"To bari in shiga in faɗa mata da kaina. Wannan ɗayar dai a bar min."

Ya miƙe. Na kai hannu zan riƙe shi, ya janye.

Washegari ni kaɗai na hau babur. Babur ɗin ya yi min rashin nauyi, har ina waiwaye. Na isa kafin kowa kamar yadda na saba, na tsaya gaban tsohon buhun nan, ban san me zan yi da hannuna ba.

Ranar Asabar sai ga Muslima a Toranke, ita da gwaggonta. Ta zube a gaban Baba tana kuka, ta kasa haɗa magana. Ta ce ta samo sunan likitan ido a Kano, ta ce idan ya ce ta ajiye aikin, yau za ta ajiye.

"Kul!" in ji Baba. "Ki ajiye, sannan nawa zaman ya tashi a banza? 'Yata, aikinki kika yi. Ki riƙe shi da kyau. Amma idan wani tsoho ya sake zuwa hannunki, ki kira shi ki faɗa masa a gabansa. Kada ya ji a takarda."

Bayan sun tafi ya kira ni.

"Ranar da aka sa tana nan. Ba a fasa aure saboda ni."

"Baba..."

"Kana son ta?"

Na sunkuyar da kai, don amsar ita ce ta fi yi min ciwo.

"To shi ke nan," ya ce.

Ina son ta. Har yau idan na hango ta ta tagar ofis, da biro a hannu, ma'aikata sun yi layi suna kai mata kokensu, sai zuciyata ta yi sanyi, sannan ta yi zafi. An ce tana da kirki. An ce ba ta rubuta komai a kan mutum sai ta zaunar da shi ta ji ta bakinsa. Ta samu gogewar da ake ta nema a wurinta. Ni na san inda ta samo ta.

Juma'ar da ta wuce na je zance, saura sati biyu biki. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo zoɓo mai sanyi, ta zauna nesa kaɗan da inda ta saba.

A daren jiyan ranar Baba ya yi tuntuɓe da turmi ya fasa goshi. Inna ta kwana kuka. Ni kuma tsoron aikin idon da likitan Kano ya ce za a yi masa ya hana ni cin abinci. Duk suna nan a bakina, sun taru, suna neman wanda za a faɗa wa.

"Yayana," ta ce a hankali, "yaya jikin Baba?"

Na buɗe baki. Na dubi hannunta, wanda yake riƙe biro.

"Lafiya lau," na ce. "Yana gaishe ki."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ta san amsar da ake ba baƙo ce.

"Sai yaushe, Yaya Garzali?" ta ce. "Sai yaushe za ka sake faɗa min wani abu?"

"Ban sani ba, Muslimata. Wallahi ban sani ba."

Ta kifa kai a gwiwa. Ni kuma na zauna riƙe da kofin zoɓo har ƙanƙarar ta narke, ban tashi ba.