Mimi a Kafaɗar Doguwa

"Ke! Waccan ba Mimi ba ce?" Yaya ta damƙe hannun ƙanwarta.

Maman Mimi ta ɗaga kai. A bangon zauren makarantar da mijinta ke koyon ɗaukar hoto, inda ɗalibai suka baje aikinsu na ƙarshen zango, ga hoton jaririyarta tana ɓangala dariya a kafaɗar wata mace. Tagar falonta ce. Labulenta ne. A ƙasa an rubuta: Uwa da 'Ya.

Ta san matar sarai. Doguwa ce, 'yar ajin mijinta, mai yawan zuwa aron kyamara.

"Tubarkalla, matarsa kyakkyawa ce," wata dattijuwa ta faɗa.

Doguwa na tsaye tana ji, amma murmushi kawai ta yi.

"Wuce mu tafi," in ji Yaya. "Yau gidanmu za ki kwana. Dama na gaya miki, namiji mai yawo da kyamara..."

Sai ga mijin Maman Mimi da sauri, yana share zufa.

"Masoyiyata, tsaya ki ji..."

"Kada ka taɓa ni! 'Yata ce ka miƙa wa wata a falona? Ina ina lokacin?"

"Kina wanka. Hasken tagar nan ba ya daɗewa da safe. Kullum na ce ki zauna, sai ki ce bari ki yi kwalliya, kafin ki fito rana ta juya. Rannan Doguwa ta zo mayar da kyamara, Mimi na dariya, hasken na shirin tafiya..."

"Ko hannu ta wanke kafin ta ɗauke ta?"

Ya sosa ƙeya.

"Sunan fa? Kai ka mayar da ita uwa?"

"Wallahi Hasken Taga na sa masa. Ita aka ba aikin manna sunaye."

Doguwa ta ɗage kafaɗa. "Ni gani na yi ya fi dacewa."

Idanun Maman Mimi suka ciko.

"Ni na yi naƙuda, ni ke hana idona barci. In hoton nan ya kwana a bangon nan, ni ba zan kwana a gidanka ba."

"Malam bai zagayo ba tukun," Doguwa ta ce a hankali. "Ka cire shi, ka faɗi zangon nan."

Ko kallonta bai yi ba. Ya sa hannu biyu ya sauke hoton, ya kifa shi a ƙasa.

Maman Mimi ta daɗe tana kallon ƙusar da ta rage. Sannan ta kwance goyonta, ta rungume Mimi, ta tsaya a gurbin hoton. Mayafinta da tabon nono, kwallinta ya zubo har kunci.

"Ɗauka," ta ce.

Ya ɗaga kyamararsa.

"Ɗan juyo wajen ƙofa, zuciyata... hasken ya fi kyau."

"Ba zan juya ba. Kai ka zagayo."

Ya zagayo.