Ƙafafun Gefen Katanga

A wani zamani can baya, an yi wani tsohon direba da idanunsa suka mutu. Sai ya kira ɗansa, ya danƙa masa motarsa da gwangwanin kaki.

Ya ce, "Ɗana, birki yana zubar da baƙar ƙura, ita kuwa cin ƙarfe take yi. Ka riƙa wanke ƙafafun nan huɗu, kana shafe su da kaki."

Ɗan ya ce, "To, Baba."

Kullum a jikin katanga yake ajiye motar. Yakan wanke ƙafafun gefen hanya, ya shafe ƙarfensu da kaki har suna ɗaukar ido. Na gefen katanga kuwa, durƙuso a lungu da wuya, sai ya ce, "Wa zai gani?" Damina ta zo, ya ce, "Wa zai gani?" Rani ya wuce, ya ce, "Wa zai gani?"

Ran nan tsohon ya yi marmarin motarsa. Ya fito yana dafa katanga, ya durƙusa, ya shafa ƙafar da ya fara tararwa. Yatsunsa suka ji ƙarfe duk ya ɓurme da ƙananan ramuka. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya miƙe ya koma ciki.

Ɗan ya dirje ƙarfen har hannunsa ya ɗaye. Ya ƙarar da kakin duka, amma kaki ba ya cike rami.

Har Allah ya karɓi ran tsohon, bai ƙara tambayar motar ba.